In Beyar Ba Ta Zo Ba, A Kira Gherasim

Shekara goma sha ɗaya Gherasim bai ci abinci a gaban mutum ba. Ni Paraschiva, da nake dafa abin da yake ci, ban taɓa ganin cokali ya shiga bakinsa ba. Sai in zuba masa tuwon masara da cuku da miyar kabeji, ya karɓa, ya zagaya bayan rumfar itace ya juya baya. Ba girman kai ba ne. Bakin ne ba ya rufuwa ta gefen hagu, rabin abin da ya shiga yakan dawo ta haɓa.

Makiyayin tumaki ne a da, kuma kyakkyawa, in faɗi gaskiya, don ni ma na sha satar kallonsa a coci ina budurwa. Wata safiya yana neman tunkiyarsa da ta ɓata a kan dutse, sai ya faɗa tsakanin beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da farata, da 'ya'yanta biyu. Mari ɗaya ta yi masa. Ta tafi da ido, da kunci, da rabin muƙamuƙi. Aka ɗinke abin da ya rage kamar bakin buhu, aka ce ya gode Allah. Matarsa ta taya shi godiya wata takwas, sannan ta tafi Italiya aikin jinyar tsofaffi, har yau.

Abin haushi, bai taɓa zagin dabbar ba. "Uwa ce," in ji shi. "Ni na shiga mata ɗaki ba sallama."

Sai zamani ya juya. Aka zo aka ce mana beyar dukiya ce, kada a taɓa ta. Masu kare namun daji suka raba wayar lantarki a zagaye garke da amya, baƙi daga Jamus da Holan kuma suka gano cewa a duwatsun Romaniya ana ganin beyar tana yawo abinta, ba a keji ba. Octavian, ɗan ƙanwar Gherasim, wanda bai taɓa riƙe aiki wata uku cur ba, ya buɗe masauki. Ya gina ɗan ɗakin katako mai tagar gilashi a bakin daji, yana zuba masara a gabansa. Baƙi su shiga su yi tsit awa uku kafin faɗuwar rana, suna jira. Ni ya ɗauka girki.

To, amma beyar ba ma'aikaciyar Octavian ba ce. Yau ta zo, gobe ta ƙi. Ran da ta ƙi, baƙi su dawo fuska a murtuke, ko miyata ba sa yabawa. A irin wannan ranar ce dabara ta faɗo masa.

"Kawu, zo ka gai da baƙi mana."

Ga yadda ake yi. Gherasim ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin cin abinci, ya naɗe fuska da gyale. Octavian ya ba da labarin da Ingilishi, kuma kowace shekara beyar sai ta ƙara girma. In ya kai ƙarshe sai ya ce, "Kawu, buɗe." Ya warware gyalen. Mata su rufe baki, wayoyi su tashi sama, wani ma har ya matso ya leƙa. Lei hamsin na kuɗin ƙasarmu da kwanon abinci, shi ne ladansa. Baƙi su kwanta da murna, sun ga abin da ya fi beyar.

Mutanen ƙauyenmu kuwa, Allah ya shirye mu. In ya shiga kanti sayen gishiri sai ka ji, "Gherasim, yau kai ke aiki ko ita?" A fashe da dariya. Ni ma na yi dariyar, ba sau ɗaya ba.

A bazarar bara wata mata mai furfura ta zo cikin baƙi. Haifaffiyar ƙasarmu ce, amma a waje take aiki. Da ya buɗe fuska ba ta ɗaga waya ba. Ta ajiye cokali, ta shigo wurina ta wanke hannu, ta koma ta tsaya gabansa.

"Baba, ka yarda in taɓa?"

Ba wanda ya taɓa tambayarsa haka. Ya gyaɗa kai. Ta daɗe tana lalubar muƙamuƙin, sannan ta ce ita likita ce, kuma irin aikinta ke nan. "Ido ba zai dawo ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma bakin zai rufu." Ta ce a watan Oktoba ita da abokan aikinta za su yi mako guda a wani asibiti a Brasov, kyauta, za ta bugo ta faɗi ranar. Gherasim ba shi da waya. Octavian da kansa ya rubuta mata lambar masauki, yana ta washe baki.

Wayyo, da kun ga tsohon nan bayan wannan rana! Ya yi aski. Ya sayar da tunkiya ɗaya cikin ukun da suka rage masa, ya sayo farar riga da takalmi. Ya leƙo ta tagar ɗakin girki ya ce, "Paraschiva, Kirsimetin bana a teburinki zan ci, ina kallonki kina kallona. Ki cika tukunya." Na ce Allah ya kai mu, kuma har zuciyata na faɗa.

Ran wata Talata ina fere dankali wayar ta yi ƙara, ga ta nan a jikin ƙofar ɗakin girki. Octavian ya ɗauka.

"A'a, likita! Sannu da ƙoƙari. Ai kawu ya fasa. Tsoron wuƙa yake ji, kin san tsofaffinmu. Na yi lallashin duniya, ya ƙi."

Ya ajiye, ya juyo ya kalle ni. "Inna Paraschiva, kin ji wani abu?"

"Dankali nake fere."

"Madalla. Hunturu na zuwa, beyar za ta shiga rami ta yi barcin wata huɗu. Me zan nuna wa baƙin Kirsimeti? Ke?"

Sau biyu ta sake bugowa, sau biyu ina fere dankali. Mijina na kwance ba ya tashi, kuma a duk ƙauyen babu wani wurin aiki sai wannan. Ba don a yafe mini nake faɗa ba, ni ma ban yafe wa kaina ba. Kullum da safe Gherasim sai ya leƙo tagar. "Ba a bugo ba?" In ce ban ji ba. Ya ce, "Likitoci ayyuka sun yi musu yawa," ya tafi.

Sai da dusar ƙanƙara ta farko ta sauka cikin Nuwamba na kasa daurewa. Na bi shi bayan rumfar itace na gaya masa duka, har da dankalin. Ya kalle ni da idon nan ɗaya. Washegari da sassafe ya sa farar rigarsa ya hau motar Brasov.

Mako uku da tafiyar likitocin, in ji ma'aikaciyar da ya tarar a asibitin. Ta duba takarda ta nuna masa sunansa, an ja layi a kai. Har gado an ware masa, aka ba wani. Ko za su dawo baɗi? Ba ta sani ba.

Ran da ya tafi kuwa mota guda ta baƙi ta sauka, ga beyar ta riga ta kwanta, ga kawu babu. Octavian ya yi ta zage-zage har ya fasa mini faranti biyu. Kwana uku bayan haka Gherasim ya zo ƙofar masauki, ba gyale a fuskarsa.

"Ɗan ƙanwata, me na yi maka?"

"Taimakonka na yi, kawu. In an gyara ka, wa zai kalle ka? Tsoho ne kawai mai ido ɗaya, irinsu cike suke da ƙauye." Ya ja shi da hannu zuwa ɗakin cin abinci. A bango, saman babban tebur, ga hoton fuskar Gherasim, faɗinsa ya kai taga, an sa masa gilashi. Wani baƙo ne ya taɓa ɗauka, Octavian ya kai gari aka faɗaɗa. "Daga yau ka huta. Wannan ba ya zuwa Brasov ba izini, kuma ba ya cin abinci."

Tun ranar ba a sake kiransa ba. Da Kirsimeti na cika tukunyar, na kai masa har ƙofa, na ƙwanƙwasa, ina jin motsinsa a ciki, bai buɗe ba. Yanzu yana gai da kowa a hanya, har masu yi masa dariya, ban da ni.

Octavian bai kore ni ba, ya ma ƙara mini aiki. Baƙi suna son sa yatsa a daidai wajen bakin, maiƙo ya ɓata gilashin, don haka kullum da safe ni ke hawa kujera in goge shi.