Gaisuwar da Ban Yi wa Garba Ba

Ni na yi kuskure, ba Garba ba, kuma har gobe ban manta da Talatar nan ba.

Lokacin ina shugaban wani ƙaramin asibiti a Bukkuyum. Garba ne ke kai allurar rigakafi ƙauyen Zugu a kan babur, shi kaɗai ya yarda da wannan hanyar. Ƙa'ida, akwatin sanyi ya dawo kafin azahar, don kada ƙanƙara ta narke magani ya lalace. Ran nan sai bayan la'asar ya shigo. Ko babur bai kafe ba na wanke shi tas a gaban mata masu awo. Washegari ya kawo takardar neman canjin wurin aiki.

A makon ne wata ƙungiya ta turo mana Malama Hadiza, mai horar da shugabanni yadda za su zauna da ma'aikatansu. Na zaci lacca za ta yi. Sai ta zauna a benci kwana biyu tana kallona kawai. Abin ya ɗaure mini kai. Na ba ta labarin Garba, na tambaye ta me take dubawa.

Ta ce, "Malam Bello, na ga kana gaishe da mai shayi har ka tambayi iyalinsa. Da Garba ya dawo, me ka fara ce masa?"

Na ce, "Ina ka tsaya?"

"Mutum ya fito hanyar Zugu, ko barka da hanya?"

Ta ba ni aiki ɗaya: in yi masa tambaya guda, in kama bakina har ya gama.

Na same shi yana wanke akwatin. Na ce, "Garba, ran nan ya hanya?"

Ya ce, "Oga, masu bindiga na hanga a mashigi. Cikin dawa nik kwanta, na tuɓe riga na ruhe akwatin don rana."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ka tambaya?"

Nan na gane shekaru ina duba magani da rajista, ban taɓa duba fuskar mai ɗauko su ba.

Da Talata ta zagayo, mata sun cika benci, Garba na dawowa daga Zugu na miƙe.

"Garba, barka da hanya. A gaban mutanen nan na ci mutuncinka, a gabansu nake roƙonka ka yafe mini. Takardarka tana nan ban sa hannu ba. Abin da ka ce, shi zan yi."