Kamara Mai Dogon Ido

Da za a mayar mini da yini ɗaya cikin rayuwata in gyara, da na zaɓi ranar da na ce wa abokina hoto ya yi, alhali na san bai yi ba. Yau ba na jin kunyar aikina a gaban kowane mai hoto a Arlit. Amma da wannan ƙaryar na shiga sana'ar, kuma tun daga wurin sayen kamara abin ya faro.

Na daɗe ina tuƙa manyan motocin kwasar dutse a ramin yuraniyom. Lokacin da na ajiye aiki, tawaye na biyu ya riga ya tashi a duwatsun Abzin, ga kuma sababbin kamfanoni sun shigo neman ƙarfen. Gari ya cika da samari daga Maradi da Tawa da garinmu Damagaram. Kowanensu na son hoto, na takardar neman aiki, da wanda zai aika gida da hular kwano a kai don mahaifiyarsa ta ga ya samu wurin zama. Na ga akwai abinci a nan. Na share ɗan ɗakin da ke gefen zaurena, na rataya farin ƙyalle, saura kamara.

Ɗiyata tana da wata ƴar ƙarama ta aljihu da take zuwa biki da ita, amma na raina ta. Ni babba nake so, baƙa, ta zamani marar fim, irin wadda ake cire mata ido a ɗaura wani. Na taɓa ganin irinta a wuyan wani injiniya, kuma na ga yadda mutane ke gyara tsayuwa in ya ɗaga ta.

Akwai wani Bakano a kasuwa mai kawo kayan lantarki daga Tamanrasat. Ya fito mini da guda biyu, jikinsu iri ɗaya. Ɗaya idonta gajere ne, ɗayar kuwa idonta ya kusa tsawon damtsena.

"Alhaji, mai dogon nan nake so."

"Me za ka ɗauka da ita?"

"Mutane mana."

"A ina?"

"A shagona."

"Shagon naka ya kai filin jirgi? Ku Damagarawa komai sai babba. Wannan idon na abin da ke nesa ne, ƴan ƙwallo ko barewa a daji. Kai da yanzu za ka koya, ɗauki gajeren, zai yi maka ɗaki, zai yi maka taro."

"Bakano ai ba ya yabon kaya sai wanda ya yi masa kwantai."

Ya yi dariya. "Dogon ya fi tsada, Malam, ni kake yi wa alheri. To leƙa ka gani kafin ka biya."

Na kafa fuskata na leƙa can ƙarshen kasuwa. Sai ga mahauci kamar in taɓa shi, har ƙudan da ke kan naman ina gani. Nan take zuciyata ta gama ciniki. Ko juyowa ban yi ba in gwada ta a kan Bakanon da ke tsaye gabana, wanda nisansa shi ne nisan da zan riƙa aiki da shi kullum.

Da na kawo ta shago, in na leƙa mutum, hanci da ido kaɗai nake gani. Sai na gano dabara: in zaunar da shi cikin ɗaki, ni in ja da baya har tsakar gida in ɗauke shi ta ƙofa. Hoton takarda ya riƙa fita tsaf, na ce shi ke nan na iya. Waje kuwa ba a fita da ita. Lokacin dokar ta-ɓaci ne, wanda aka gani a kan hanya yana auna wani abu mai dogon baki, sai ya sha tambayoyi.

Ana haka abokina ya zo. Ba'abzine ne, makaniki, shi ke gyaran motar da nake tuƙawa tun muna da ƙarfinmu. Rashin kwanciyar hankali ya koro danginsa daga wajen Gougaram, duk sun sauka gidansa a unguwar Akokan. Washegari za su rabu: wasu su bi ta Assamaka su tsallaka iyaka, wasu su bi ayarin motocin da sojoji ke rakiya zuwa Agadas, tsohonsu ya zauna wurinsa.

"Direba, hoto ɗaya nake so, kowa da kowa a ciki. Ban san ranar da za mu sake haɗuwa ba."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, kamarar da ke hannuna babu irinta a garin nan.

Bayan la'asar na je. Tsakar gidan ƙarama ce. Aka zaunar da tsohon a tsakiya da rawaninsa, maza a tsaye bayansa, mata a gefe, yara a ƙasa. Na leƙa, fuska biyu na gani. Na ja da baya har gadon bayana ya daki bango, fuska biyu da rabi. Na hau kan tano, wato gangar ruwa, sai saman rawuna. 

Na san abin yi. Da na aika gida an karɓo ta ɗiyata, da ta ɗauke su duka. Amma na riga na cika baki, ga mutane sun yi tsit suna kallon babban ƙarfen da ke hannuna. Sai na yi ta dannawa ina karkata ta hagu da dama, ina cewa a ɗaga kai, a matso. Irin wannan kamarar tana nuna maka abin da ka ɗauka nan take a ɗan allon bayanta, don haka ba zan ce ban gani ba.

"Direba, ya yi?"

"Ya yi."

"Mu gani."

"Batir ya yi ƙasa. Sai an wanke."

Tsohon ya sa mini albarka, aka ba ni shayi na sha.

Na yi ta ja masa rai, yau in ce ba takarda, gobe in ce ba wuta. Ranar da dabara ta ƙare, ya zo zaurena na zube masa hotunan a kan tabarma. Fuskoki ne bibbiyu, wani rabin kafaɗa, tsohon kuma ya motsa, fuskarsa ta dushe. Ya durƙusa yana jera su yadda mutanen suka tsaya a ranar. Ya daɗe yana yi.

"Ina ƙanwata?"

"Ba ta shiga ba."

"Tun ranar ka sani?"

"Na sani."

"Motarsu fa ba ta tashi ba sai da hantsi. Da ka faɗa, da mun nemi wata kamarar."

Ya tattara su ya sa a aljihu. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Tsohon ya rasu kafin mutane su fara komowa, ƙanwar kuma can ta yi aure ta zauna. Har yau muna gaisawa da abokina, yana zuwa mini duba in ba ni da lafiya. Amma da ya tashi aurar da ɗansa, wani mai hoto ya kira, kuma ban ga laifinsa ba.

Na koma wurin Bakano na sayi gajeren ido. Da shi na koyi aikin yadda ya kamata, na san haske, na san inda ake tsayawa. Taron suna ko na aure, komai ƙuncin gida, yanzu ba wanda nake bari a waje.

Kai da ke shirin sayen ta farko, don Allah kada ka bi sawuna. Fara sanin ɗakin da za ka yi aiki da irin mutanen da za ka ɗauka, ka gwada ta a daidai wannan nisan kafin ka biya. In kuma ka ɗauka ka ga bai yi ba, ka faɗa tun mutanen suna tsaye a gabanka.