Buraima da Taron Sadin

Buraima, mutumin Tasawa, ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar kifi a kafaɗa, bai taɓa ganin teku ba. Aikinsa a wani ɗakin sanyi ne a unguwar Al-Sulay, can ƙasar Larabawa, inda ake sauke katan-katan na daskararren sadin daga Oman. Da ikamar wannan aikin, wato takardar izinin zama, yake ciyar da matarsa Delou da yara a gida. Waje rana na gasa mutum, ciki yatsu na ƙandarewa, rigunan sanyin ma'aikata kuwa sun daɗe da mutuwa, jana'iza ce kawai ba a yi musu ba.

Wani direba ɗan Yaman ne ya jawo masa, a 2016. Ya ce sadin ɗan kifi ne da bai wuce tafin hannu ba, kuma ba ya yawo shi kaɗai. In iskar damina ta lafa, sai su matso gaɓa dubu-dubu har ruwa ya yi baƙi. In babban kifi ya taso, sai su dunƙule, su juya tare, ya rasa na kamawa.

Buraima ya kawo karatun wajen cin abinci. "Jama'a, kifi ma ya fi mu dabara. Mu je wa mudir, manajan nan namu, gaba ɗaya. Ba riga, ba shiga sanyi."

"Wallahi Baba muna bayanka," in ji Mukhtari, abokin ɗakinsa. "Kai ne babba, kai za ka yi magana. A gida ma haka ake yi."

Aka ɗunguma ofis. Buraima ya wuce gaba, ya zuba Larabcinsa mai ɗingishi. Mudir ya leƙa bayansa ya ce, "Su wa ke tare da shi?"

Buraima ya waiga. Mukhtari na kallon takalminsa kamar yau ya saya.

"Mu rakiya muka yi," in ji Mukhtari.

Da direban ya ji, har da riƙe ciki. "Ai ba ka bari na ƙarasa ba, Alhaji. In sun dunƙule, kowa tsakiya yake kutsawa. Na gefe ake ci."

Kafil, ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya buga masa huruj, fita ba dawowa. Bai gama ɗaure kaya ba aka raba sababbin riguna. Mukhtari ya shigo ɗaki cikin tasa, fes, har da hula.

"Baba, Allah ya saka. In ka isa ka gaida su Gogo Delou."

Buraima ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Rufe wuyan, kada mura ta kama ka," ya ce, ya ja jakarsa.