Takardar Efraín Tana Cikin Kwamfutar Dakta Thora

Abin da nake so shi ne, wanda kwamfutar Dakta Thora Lindqvist take hannunsa ya buɗe ta, ya ɗauko takardar maganin yarona, ya sa a intanet inda kowa zai gani. Shi ke nan. Sunana Adelina, tuffa nake tsinka a garin Yakima. Ban yi makaranta ba, da baki nake faɗa, ƙanwata tana rubutawa.

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, aka ce kin rasu, Dakta. Ina kan tsani aka kira ni a waya. Na ce to. Na ƙarasa cika buhun, na sauko. Har yau ban yi kuka ba, ban san dalili ba.

Yarona Efraín yana wata goma na kawo miki shi Seattle, yana suma yana sanƙarewa, ba wanda ya san sunan abin. Kika ɗaga shi kika ce, "Kai ɗan rigima, duk ciwon da ke cikin littafi bai ishe ka ba, sai ka nemo naka?" Ranar na fara dariya bayan wata shida. Na kawo miki tamales, abincinmu na masara, kika ci uku a tsaye, kika ce in rage barkono, ke 'yar ƙasar sanyi ce.

Ke kika gaya min yadda abin yake. Likita ya gama bincike, masu bugawa su riƙe shi wata da watanni, in sun fitar ma su kulle, sai manyan asibitoci masu biya. Ke kuwa kina gamawa sai ki sa naki kofin a shafin jami'a, kyauta. Kika ce, "'Yata, ai ba don a rataye a bango na rubuta ba." A nan Dakta Pruitt na ƙaramin asibitin garinmu yake karantawa ya auna wa Efraín magani. Shekara uku bai suma ba.

To tsohuwar takardar a nauyin laba arba'in ta tsaya. In yaro ya wuce nan, sai awon maganin ya canza, kuma sabon awon yana cikin sabuwar da kika gama. Masu bugawa sun karɓa, sun ce sai baɗi. Kin ce ranar Juma'a za ki sa naki. Talata kika tafi.

Jiya an ɗora Efraín a sikeli, laba talatin da takwas da rabi. Dakta Pruitt ya ce ba zai yi cinta da ran yaro ba. Da safe ya miƙo min kwano yana son ƙarin wake, na ga hannuna ya janye tukunyar, kada ya kai arba'in. Ni uwarsa.

Allah ya jiƙanki, Dakta, ya ba ki hutu, ya haskaka miki kamar yadda ba ki taɓa rufe wa kowa ƙofa ba. Na kunna miki kyandir a coci. Maigidanki Anders da 'ya'yanki mata biyu, Allah ya ba ku haƙuri. Ku yafe min, na zo gaisuwa da roƙo a bakina.

Na gaya wa Dakta Pruitt. Na gaya wa matar da ke ɗaukar waya a ofishinki, ta ce za ta duba. Na gaya wa Fada na cocinmu. Lambarki ma na kira, muryarki ta ce in bar saƙo, na bari.