Ranar da Muka Ɗauki Majami'a a Ka

Majami'armu ta katako ce, 'yar ƙarama, wadda idan dogon mutum zai shiga sai ya sunkuya. Maigidana ne ya haɗa ta a zamanin Turawa, da katakon akwatunan kaya da ya riƙa ɗorowa a jaki daga tashar jirgi ta wajen Makarfi. Doka ta hana mu masu bi yin gini a ƙauyenmu na ƙasar Ikara, shi ya sa ya ɗora ta a kan duwatsu kamar rumbu, ko banza gara ba za ta hau ba. Mu gidaje kaɗan ne, amma duk Lahadi muryarmu har bakin rafi.

Wata ranar kaka sai ga dogarin hakimi. Ya ce Baturen mulki ya wuce a rangadi, ya ga ɗakin ya yi kusa da hanyar kasuwa. "Umarni ne, a ɗauke shi kafin kasuwa mai zuwa ta ci."

Maigidana mutum ne mai sanyin hali, sanyin da ke ba ni haushi. Washegari na tarar da shi riƙe da guduma zai fara zare ƙusoshi, idonsa ya yi ja. Ya san katakon nan ya sha rana, in aka ɓamɓare shi sai dai a hura wuta da shi. Raina ya ɓaci. Na ce, "Maigida, cewa aka yi a ɗauke. Wa ya ce maka a rushe? Jinkar ɗakina da ƙafa ta zo?"

Ya tsaya yana kallona, sai ya ajiye gudumar.

Muka kira gayya. Na kwana biyu ina surfe da niƙa, don gayya ba ta zuwa da yunwa. Na ɗauka 'yan uwanmu kawai za mu gani, sai ga maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke noma da girbi tare, har da wani tsohon Bafulatani da ya ce bai taɓa ganin ɗakin ibada yana tafiya ba, ba zai bari a ba shi labari ba.

Aka zura azara ta ƙarƙashi, maza suka yi gammo. Gefe ɗaya ya rasa mutum, sai na ɗaure zanena na shiga. Wani ya ce, "Mace a ɗaukar ɗaki?" Na ce ya matsa. Da mai ganga ya buga, majami'a ta yi ƙara, ta tashi! Muka bi ta cikin karan dawa, mata na guɗa, muna waƙar yabo, Musulmi suna nasu salatin. Muka haye rafi ruwa iya gwiwa, muka dire ta a gonarmu. Ko katako ɗaya bai faɗi ba. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ko da yake wuyana bai yafe mini ba har yau.

Ranar kasuwa dogari ya dawo. Ya tarar da duwatsu kawai, ya ɗaga kai ya hango majami'ar a tsallaken rafi, ƙofarta a buɗe. Ya daɗe yana susar gemu.

Maigidana ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, an ɗauke."

Dogarin ya juya baya don kada mu ga dariyarsa. "To, ai haka aka ce," in ji shi.