Rabin Zabura

Ni tun ina yarinya ba ni da haƙurin hadda. Karatu dai na iya, don matar malamin majami'armu ta koya mana a gindin ɗorawa, can ƙauyenmu wajen Lausu, tun Turawa ba su tafi ba. Gida huɗu ne rak masu bi a cikinmu. Duk Lahadi sai ta ba mu aya ta ce a haddace, ni kuwa in turo baki in ce, "Mama, abin da ke rubuce a takarda guduwa zai yi?" Sai ta ce, "Ke dai bakin nan naki ya fi ki girma." Ko zaburar nan ta makiyayi rabi na riƙe, shi ma don kada a yi mini dariya.

Ina goyon fari agana ta shigo mana da bazara, kuma ni ta fara kamawa. Aka raba ni da ɗana, aka kafa mini bukkar kara a bayan gona, aka ce duk abin da ya shiga bukkar nan wuta ce makomarsa. Na roƙi mijina ya kawo mini Littafi Mai Tsarki. Ya tsaya daga nesa yana murza hula, ya ce, "Shi kaɗai gare mu. In na ba ki, ƙone shi za a yi." Wallahi ranar na zage shi tas, har yau ina jin kunya.

Bukkar ko miƙewa ba na iya yi a ciki. Ga zafi, ga ƙuda, ga nono ya cika yana yi mini zugi, babu mai sha. Ina jin daka daga cikin gari, har ina gane taɓaryar kowace mace, amma ba ni da ikon taka ƙofa. Da ƙurajen suka hau fatar idona, sai hankalina ya tashi. Na san mutum biyu da agana ta makantar. Na ce shi ke nan, in ido ya tafi, abin da ke kaina shi ne nawa. Na laluba kan nan, ban sami komai ba sai rabin zabura.

Sai in fara: Ubangiji ne makiyayina, ga ɗanyar ciyawa, ga ruwa mai sanyi, tiryan-tiryan har in kai inda mutum ke tafiya cikin kwarin inuwar mutuwa. Nan nake cijewa. Me ya biyo baya? Oho! In koma farko, in sake zuwa kwarin, in sake tsayawa. Wuni guda ina shiga kwarin nan ba na fita. Na yi kuka, na tsine wa taurin kaina.

Mai kawo mini abinci wata dattijuwar Bafulatana ce daga rugar da ta sauka kusa da mu. Musulma ce, fuskarta duk zanzana, ta yi agana tun tana budurwa, don haka ba ta gudun kowa. Rannan ta same ni ina sambatu, ta ce, "Ke 'yar nan, wa kike kira?"

Na ce, "Inna, addu'armu ce, rabi ya ɓace mini." Na karanta mata iyakar abin da na sani.

Sai ta ce, "Makiyayin nan naku, ina sandarsa? Wa ya taɓa shiga kwari hannu sake?"

Na ce ban sani ba. Na roƙe ta don Allah ta je wurin matar malam ta karɓo mini sauran. Ta ce, "Ni? Da tallan nono zan ji ko da karatun Nasara?" Ta ɗau ƙwaryarta ta tafi tana mita.

Washegari sai ga ta. Ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Tsaya, kada ki yi mini magana, zai zube!" Ta durƙusa bakin bukka, ta ce da ƙarfi, "Ba jan ji soro ba, gama kana tare da ni."

Na ce, "Soro kuma, Inna? Wane soro, na gidan sarki?"

Ta ce, "Ungo naki! Haka aka ba ni, haka na kawo."

Na yi dariya har ƙurajen leɓena suka fashe, daga nan ta rikiɗe ta zama kuka. Tsoro take nufi. Harshenta ne ba ya kama Hausarmu daidai.

Haka muka yi ta yi, kullum layi ɗaya, tare da fura. Ranar da ta kawo wurin sanda kuwa, har da buga cinya: "Ban gaya miki ba?" Wani layin sai ta manta a hanya ta koma, ta dawo tana zagina, ta ce ƙafarta za ta ƙare a kan addinin da ba nata ba. Lokacin idona ya riga ya rufe, muryarta kawai nake ji. Kafin kwana bakwai na kai ƙarshen zaburar.

Da aka fito da ni aka cinna wa bukkar wuta, ɗumin kawai na ji a fuska. Idon dama ya mutu, na hagu kuwa inuwa-inuwa yake gani. Aka miƙo mini ɗana, da hannu na gane shi. Mijina ya ɗora mini Littafin a cinya, yana nan lafiya lau, ko gefensa bai ƙone ba. Na shafa bangon na mayar masa. Na tambayi inda Inna take, aka ce damina ta matso, rugarsu ta tashi shekaranjiya.

Daga baya na haddace ayoyi da yawa daga bakin 'ya'yana, ba wanda ya ƙara jin na ce takarda ba ta guduwa. Amma zaburar nan ban yarda an gyara mini ita ba. Jikata da ke rubuta wannan takan ce, "Kaka, tsoro ake cewa." Na sani, ja'ira. Rabin farko nawa ne, da Hausar Rano nake faɗarsa. In na iso kwarin kuwa, sai in ce ba jan ji soro ba, don da wannan bakin aka fito da ni.