Sunan da Shimako Ta Goge

Shekara arba'in Shimako tana wanke gidan wankan unguwarmu, kuma ban taɓa ganin mai gaba da datti kamarta ba. Ko ziyara ta kawo miki, kafin ruwan shayi ya tafasa ta goge miki murhu. Mijinta Genzo kuwa kafinta ne mai baki. Kullum ya sha giyar shinkafa sai ya ɗauko zancen takobin gidansu, wai kakan kakansa ne ya ƙera shi, sunansa na nan a wutsiyar ƙarfen da ke cikin ƙota.

"Kai Genzo, a zuriyarku ko wuƙar yanka kifi wa ya taɓa ƙerawa?" in ji abokansa.

Bai taɓa cire ƙotar ya nuna musu ba. Har ya mutu ana kiransa Jikan Maƙeri, da dariya, abin yana ci wa Shimako rai.

Bara da za ta koma gidan tsofaffi, inda ba a shiga da makami, sai ta zo wurina da zancen takobin, don ina sayar da tsofaffin kwanuka ta intanet.

"Fumie, ki sayar min da shi. Amma da sunan nan a rubuce, kowa ya gani. Genzo bai yi ƙarya ba."

Na ce, "Yaya Shimako, ba kwano ba ne fa. Sai an sanar da 'yan sanda, masana sun duba sun ba da takardar rajista, in ba haka ba mu biyu za a kwashe." Muka sanar, aka sa mana rana. Daga nan bakina ya ja mana, na ce mata masu saye suna son hoton sunan ya fito tas.

Ranar dubawa muka bi layi, ta rungume shi a cikin bargo. Wani dattijon masani ya ture 'yar ƙusar gora, ya zare ƙotar. Sai ga wutsiyar tana ƙyalli kamar sabon cokali. Ya ɗago kai ya dubi Shimako.

"Inna, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ce. Baƙar tsatsa ce ta rufe shi, abin kunya. Kwana uku na yi da samfefa."

Dattijon ya cire tabarau. "Wannan tsatsar ba a taɓa ta, Inna. Da ita muke gane shekarunsa. Takobin ƙirar hannu ne, mai kyau, za ki samu takarda. Amma rubutun ba shi da zurfi, ya bi tsatsar."

Ya karkata ƙarfen a haske, ya nuna mana 'yan layuka biyu da suka rage.

"Da akwai suna a nan, babu shakka. Kin gan shi kafin ki goge?"

"Na gani," ta ce. "Haruffa biyar ne, irin na mutanen da."

"Me suka ce?"

Ni dai na sunkuyar da kai, don na san a aji shida ta bar makaranta.

"Ban iya karanta su ba. Cewa na yi in ya yi haske ku za ku karanta min."

A takardar suka rubuta: ba suna. Wani mutum daga garin Okayama ya yi tayi mai kyau, amma har yau ta hana ni amsa masa. Ta ƙi komawa gidan tsofaffin. Duk sanda na je sai in tarar da ita da fensir da takarda, tana zana abin da ta tuna, kuma kullum zanen daban yake fitowa.